Gwiwoyin Mama Abeke

A kamfanin sabulun Cif Adegbite da ke Ibadan, kora ba ta zama kora sai Mama Abeke ta gaza. Ita ce mai kula da ma'aikata. In ka yi laifi ta wanke ka tas, sannan ta gyara ɗaurin ɗankwali ta sa ka a gaba har falon Cif. Kai ka kwanta rub da ciki, ita ta durƙusa. Cif ya yi ta bambami, a ƙarshe ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, ɗan banza. Gobe ka zo aiki." Mu da muka tsufa a wurin, babu wanda gwiwoyin matar nan ba su taɓa cetonsa ba.

Sai 'ya'yan Cif suka kai kamfanin kasuwar hannun jari, kowa ya sayi rabonsa. Muka ci amala muna murna, mu wawaye. Ba a jima ba aka ce masu jari na son ƙarin riba, a rage mutane. Cikin waɗanda aka sallama har da Baba Lamidi mai dafa sabulu, ana saura kaɗan ya yi ritaya da haƙƙinsa.

Ta kai shi gidan Cif kamar yadda ta saba.

"Abeke, tashi," in ji Cif. "Ni ma yanzu baƙo ne a can. Masu kamfanin dubbai ne."

"To Baba, ina gidansu?"

"Gidansu? Wasunsu ko warin sabulun ba su sani ba."

Ba ta haƙura ba. Ranar taron shekara na masu jari ta ja Lamidi har Legas. Ana tsakiyar karanta riba ta zube a gaban zauren, shi kuma ya kwanta a gefenta. Ina wurin, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Da ma zaginsu aka yi irin na Cif, da mun sa rai za a mai da shi aiki. Sai wata yarinya mai kwat ta rugo da ruwa: "Sannu Mama, jiri ne? A kawo mata kujera!" Aka fitar da su cikin ladabi, aka ba kowannensu lema mai tambarin kamfanin.

A ƙarƙashin lemar nan Lamidi ke sayar da gasasshiyar masara yanzu. Mama Abeke kuwa tana nan a ofishinta, ita ke sanar da kora. Jiya wani direba da aka sallama ya tsaya a ƙofarta yana jiran ta gyara ɗankwali.

Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Je ka gida, ɗana. Babu wanda za mu je wa."