Tayoyin Baba Dam-Dam

Duk wanda ya taɓa tuƙa abu mai ƙafa a unguwar nan, daga keke har tirela, ya san rumfar facin da ke kwanar gidan mai. Kwano ne a kan sanduna, sai tsohon injin iska mai tari kamar ɗan sigari, da rabin duro cike da baƙin ruwa da ake tsoma tif a nemo huji, da benci guda da direbobin tasi suka mayar majalisa ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Mai rumfar, Baba Dam-Dam ake ce masa, kuma aikinsa ne ya raɗa masa sunan. In ya ba taya iska sai ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa ta, ya karkata kai yana saurare, in ta amsa yadda yake so ya ce dam. Gejin auna iska na nan rataye a ƙusa yana shan ƙura, don a ganinsa wannan kayan 'yan koyo ne.

A rumfar nan ya yi furfura, da ita ya ciyar da gida ya aurar da 'ya'ya. Mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin baki, wanda in ya yi dariya sai an waiwayo daga tsallaken titi.

Wata rana da hantsi aka kawo masa tayar tifa. Ashe ƙarfen wilin ya tsage ta ciki, ba wanda ya gani. Yana durƙushe yana ba ta iska, direban na tsaye a kansa yana ba shi labarin rikicinsa da surukinsa, sai duniya ta fashe. Zoben ƙarfen ya wuce ta gefen kunnen Baba, ya karya wa direban ƙafa, ya ɓula kwanon rumfa ya fita abinsa. Baba ya farfaɗo a kwance cikin ƙura, bakinsa duk ƙasa, yana kallon jini a kan takalmin mutumin.

Direban ya warke, sai ɗan ɗingishi. Shi kuwa Baba ko ƙwarzane bai yi ba. Aka yi ta zuwa yi masa barka, kowa na cewa ya auna arziki, ya gode wa Allah. Ya kuwa gode. Kunnen ya yi ƙugi ya daina, aka liƙe kwano, ya koma bakin aiki.

To, daga nan tayoyin unguwa suka fara taushi.

Ba da gangan yake yi ba, wallahi. Da taya ta fara tauri a ƙarƙashin hannunsa sai ƙirjinsa ya hau duka, gumi ya keto masa, ƙurar ranar nan ta dawo masa a harshe, kafin ya ankara hannun ya zare tiyo da kansa. Sai ya shafa tayar sama-sama ya ce ta yi. In babbar mota ta tsaya kuwa, nan take injin iska ya kamu da ciwo, sai dai a gwada gaba. Motoci suka riƙa fita daga rumfar suna rangaji kamar agwagi, mai na ƙonewa, sitiyari ya yi nauyi. Shugaban majalisar benci, wani dogon direba mai bakin tsiya da ake kira Ba-Birki, ya sauya masa suna zuwa Baba Luɓus. Da wasa da wasa masu mota suka fara sulalewa wajen wasu samari da suka buɗe sabon shago a gaba, har Ba-Birki ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa in abin bai gyaru ba, su ma za su kwashe motocinsu da surutunsu su bi sahu. Baba ya yi dariyar yaƙe. Ya san in 'yan tasi suka tashi, rumfa ta mutu.

A gida ma ba sauƙi. Murfin tukunya ya faɗi, sai ga maigida a bayan ƙofa yana cewa ƙusar ce yake dubawa. Barci ya zama kokawa, ga faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar da jikarsa ta shigo da balan-balan ja tana tsalle, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi wa yaro ba, ya fizge abin ya kulle a kabad. Yarinyar ta yi kuka har da shessheƙa, ta daina zuwa kusa da shi. Wannan ya yi masa ciwo fiye da duk tsiyar direbobi, ya kuma rasa wanda zai gaya wa, don me zai ce? Ƙato kamarsa yana tsoron abin wasan yara?

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta gano shi, wadda kowa ke kira Sista. Tana da 'yar tsohuwar mota, kuma ta gaji da dawowa ƙarin iska. Tana tsaye ran nan wani babur ya saki ƙara ta salansa. Ta waiwaya ba Baba. Can ta hango shi tsugune a bayan duro.

"Baba, tun yaushe kake haka?"

"Haka yaya, 'yata? Sifanar kwance noti ce ta faɗi nake nema."

"Ga ta nan a hannunka."

Ya dubi hannun. Sifanar na nan.

Sista ta ja benci ta zauna, ta yi ta jero masa tambayoyi, ko yana mafarkin abin, ko yana ganinsa ido biyu, ko yana kauce wa duk abin da zai tuna masa, ko ƙaramin motsi na firgita shi. Baba ya riƙa kallonta yana zargin matarsa ce ta kai rahoto. Ta ce ba wanda ya gaya mata komai, ciwo ne sananne da ke kama mutum bayan ya ga tashin hankali, yana kama soja, yana kama mai jego, ba ragwanta ba ce, ba kuma taɓin hankali ba. "Kai ka san abin ya wuce," in ji ta, "jikinka ne bai samu labari ba. Kuma ana maganinsa."

Da ya ji likitan ƙwaƙwalwa ne zai gani, ya ce Allah ya kiyaye, shi da hankalinsa. Kuskurensa ɗaya, ya ba matarsa labarin don su yi dariya tare. Ba ta yi dariya ba. Ta nuna masa ƙwaurinta, duk shaidar harbin da yake yi cikin barci, ta ɗauki jaka ta ce ko ya tashi su tafi tare, ko ta je ita kaɗai ta ba likita labari, kuma ya san ta da ƙarin gishiri.

Likitan yaro ne, sa'an ɗan cikinsa, ko allura bai yi masa ba, abin da ya sa Baba ya raina shi tun farko. Sai zance. Ya sa shi ya ba da labarin ranar nan daki-daki, ya sake, ya kuma sakewa a zuwa na gaba, har maganar takalmin nan mai jini, wadda bai taɓa faɗa wa kowa ba, ta fito tare da hawaye. Ya koya masa jan numfashi a hankali in ƙirji ya fara duka. Sannan ya ba shi aikin gida: balan-balan. Ya fara da riƙewa, sai hurawa, sai wani ya fasa daga nesa in ya ce ya shirya. Matarsa ta karɓi aikin fasawa da murnar da ta ba shi haushi. Maƙwabta suka yi ta jin fus, fas daga gidan dattijo, suna tambayar ko lafiya.

Ba a rana ɗaya abin ya saki ba. Wani makon ya yi barci lafiya, wani makon ya koma gidan jiya. Amma ya sa mai walda ya ƙera masa kejin ƙarfe na saka babbar taya, ya sayi doguwar tiyo don ya tsaya nesa, ya sauko da geji ya goge. Ba-Birki ya zagaya kejin ya tambaya yaushe za a kawo zakin.

Zakin ya zo da yamma, majalisa ta cika maƙil: tirela da taya a sace. Duk ido ya koma kan Baba, ana jiran injin ya kamu da ciwonsa. Baba ya gama faci, ya gangara da tayar cikin keji, sannan ya juyo ya fuskanci benci.

"Ku ji da kyau. Injina lafiyarsa ƙalau, ni ne ba lafiya. Tun ranar nan tsoro nake ji, yanzu ma ina ji. Likita nake gani. Mai dariya ya yi yanzu, don in na fara ba na son surutu."

Ya juya musu baya. Ya kunna inji. Tayar ta fara tashi, gumi na ɗiga daga gemunsa, yana jan numfashi yana saki, hannun na son zarewa yana hana shi. Sai da allurar geji ta kai inda ya kamata ya kashe, ya zauna daɓas a ƙasa. Mai tirela ya daki tayar da ƙafa ya yi tsalle yana riƙe da yatsa. Majalisa ta ɓarke da shewa, nan take aka jera tasi ana layin ƙarin iska.

Da aka watse, Ba-Birki ya ƙi tafiya. Ya yi ta goge gilashin da ba datti, sai da ya ga ba kowa ya matso, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ranar da Baba zai koma asibiti ya jira shi, shi zai kai shi.

"Kai ni kawai za ka yi?"

"In mun je ma gani." Ya sosa ƙeya, idonsa a ƙasa. "Sai dai mu fita da wuri, Baba, don zagaye za mu yi. Ni tun hatsarin da na yi da fasinjoji ban sake iya hawa gada ba."