Yen Su-lan, Wadda Ke Tafiya a Bayan Layi

Kafin gari ya gama wayewa a Putai, akwai ɗan lokacin da ba ka iya raba sama da ruwa. Tafkunan kifi sun miƙe dama da hagu, hazo ya kwanta a kansu fari fat, balbelu na tsaye a gefe kamar ba su farka ba. A cikin wannan farin ne fitilar wani tsohon babur take ɓullowa a hankali, kuma duk wanda ke kan hanya ya san Yaya Su-lan ce. Ba asibiti take nufa kai tsaye ba. Sai ta jingine babur a gindin doguwar katangar da ta tare mana teku, ta hau samanta, inda mutanenta ke jiranta. Idan rana ta ɗaga sannan ta kama hanyar birnin Chiayi, ta sa farar riga, ta zama Nas Yen.

A ƙarshen watan da ya wuce ta ajiye aiki. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗa wa mutanen kudancin Taiwan wacece ita, tunda ita ba za ta faɗa ba.

A sashen tiyatar rage ƙiba take aiki, amma ba ta taɓa riƙe wuƙa ba. Aikinta yana gabanin wuƙa. Inshorar lafiya ta ƙasa tana ɗaukar nauyin wannan tiyata, sai dai ba don mutum ya ce yana so ba. Sai an ga nauyinsa ya wuce iyaka, ya jawo masa ciwo, sai ya yi wata shida a hannun likita yana gyara ci da motsa jiki ba tare da yankewa ba, sai likitan ƙwaƙwalwa ya zauna da shi. Bayan duk wannan kwamiti ya duba, ya ce e ko a'a. Hanya ce mai tsawo ga wanda hawa bene ɗaya yake ƙure masa numfashi, kuma da yawa a tsakiya suke zubewa. Su-lan ita ce mai raka su.

Ta dalilin yayana na san ta. Tu Chin-hai, wanda kowa ke kira A-Hai, mai girkin biki ne. Aure, rasuwa, bikin haikali, duk inda aka kafa rumfa a kan titi aka jera teburori, shi ne a bayan rumfar tsakanin manyan tukwane. Tun yana saurayi yake ɗanɗana kowace miya da bakinsa, in an tashi kuma ya zauna ya cinye abin da ya rage, don a gidanmu ba a zubar da abinci. Jiki ya yi ta ƙaruwa, mutane na yi masa kirari da shi. Sai ga ciwon suga, sai hawan jini, sai wani ɗan miki a tafin ƙafa da ya ƙi warkewa.

Ni da matarsa A-Kiau muka ja shi asibiti. Yana shiga ya fara abin da ya saba, wato ya riga kowa yi wa kansa dariya.

"Nas, wannan sikelin naku na mutane ne ko na kifin kasuwa? Kada in fasa muku kaya."

"Hau abinka, Maigida Tu. Ya ɗauki waɗanda suka fi ka, bai yi ƙara ba."

Ta rubuta abin da ta gani ba tare da fuskarta ta canja ba. Sannan ta jawo kujera kusa da shi.

"Yaushe rabonka da barci a kwance?"

Dariyar ta ɗauke. A-Kiau ce ta amsa, ta ce shekaru ke nan a zaune yake barci, don in ya kwanta numfashinsa yankewa yake yi, ita kuma ta zauna tana sauraron ko zai dawo. Yayana ya kafa wa ƙasa ido. A iya sanina, ranar ce aka fara yi masa tambaya a kan jikinsa ba da zolaya ba, ba kuma da faɗa ba.

Ya fara zuwa ganin likita. Sai ƙarshen shekara ya zo, lokacin da kowa ke son aurar da 'yarsa kafin sabuwar shekara, ya bar zuwa har wata biyu. Da aka aika da buƙatarsa, kwamiti ya dawo da ita: watannin ba su cika ba, a sake daga farko.

A-Kiau ta kama hannun Su-lan. "Nas Yen, ke fa kike rubutawa. Ki rubuta cewa ya zo mana. Wa zai sani? Ki dubi ƙafar nan."

"Na dube ta, A-Kiau. Kullum ina dubanta. Amma abin da bai faru ba, ba zan ce ya faru ba. In na yi, gobe maganata ba za ta ƙara tsaya wa kowa ba, har da shi."

Yayana ya miƙe da ƙyar, ya ce, "To shi ke nan, an hutar da kowa." Ya fita. A lokacin na ji zafinta ƙwarai.

Ranar hutunta, da la'asar, muna bayan rumfar wani aure, sai ga ta. Ba ta nemi kowa ba. Ta zauna cikin mata masu wanke-wanke, ta jawo kwandon tafarnuwa ta fara ɓarewa. Yayana ya gan ta, ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba da juya shinkafa mai danƙo da aka haɗa da naman ƙaguwa. Ɗaya daga cikin matan ta ɗaga murya, "Maigida, ga likitarka ta zo ƙwace maka ludayi!" Aka yi ta shewa.

Da ya ga ba ta da niyyar tafiya, ya zo ya tsaya a kanta.

"Ba na biyan wanda ban ɗauka aiki ba."

"Ban zo neman lada ba. Tambaya ɗaya na zo da ita. Watanni biyun nan, aiki ne ya hana ka zuwa?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya zauna a kan buhun shinkafa, ya yi ƙasa da murya.

"Ni na ƙi zuwa. Da na ga abin na matsowa sai tsoro ya kama ni. Nas, mai girkin da ba ya iya ci, mene ne shi? Duk abin da na sani a duniya, a baki na san shi."

"Ba zan yi maka ƙarya ba," in ji ta. "Cin da ka sani, kun rabu. Da farko ruwa-ruwa ne kawai, daga baya ɗan abin da zai cika ƙaramin kofi. Na ga manyan mutane suna kuka a gaban kwanon miya. Amma harshenka ba wanda zai taɓa shi. Ƙafar nan kuwa, in muka ci gaba a haka, za a taɓa ta."

Tururin tukwane na tashi a tsakaninsu, daga cikin rumfa ana jin kiɗan shigowar amarya. Ta ture masa kwanon tafarnuwar da ta ɓare.

"Gobe da asuba, in ka gama sayen kifi, ka biyo ta katangar teku. Ba sai ka yi tafiya ba. Ka zo ka gani kawai."

Ya je. Ni ma na bi shi, don A-Kiau na tsoron kada ya faɗi.

Har yau in na rufe ido ina ganin waɗannan safiyoyin. Layin mutane ne a saman katanga, manya-manya, suna tafiya sannu-sannu cikin hazo kamar jiragen kamun kifi masu dawowa gida. Teku a hannun dama, tafkuna a hagu, ba ka jin komai sai numfashi da jan takalmi. Ba wanda ya sa Su-lan wannan aiki, ba ya cikin abin da ake biyanta. Ta lura ne kawai cewa mai ƙiba ba ya son motsa jiki inda ido ke kansa, sai ta nemo musu lokacin da gari bai buɗe ido ba. Kuma ba ta taɓa shiga gaba ba. Kullum tana can baya tare da wanda ya fi kowa jinkiri, in ya tsaya ta tsaya, ta nuna masa wani tsuntsu a cikin ruwa kamar dama don shi suka tsaya.

A wannan hazon mutane kan faɗi abin da ba sa faɗa da rana. Wata direbar bas ta ce burinta ta zauna ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar 'yan mata. Wani malamin makaranta ya ce so yake ya shiga jirgin ƙasa ba tare da ya ba na kusa da shi haƙuri ba. Yayana, da ya saba da su, ya ce yana yawan mafarkin yana iyo a tafkin da muke wasa muna yara, ruwa na ɗauke da shi, ba ya jin nauyin komai. Aka ce masa ya yi hankali kada ruwan tafkin ya malale gari. Ya yi dariya, wannan karon ta gaske.

Su-lan ta roƙi likita ya riƙa ganinsa da sassafe kafin a kunna wutar girki. Ranar da ya makara, kira yake samu: "Maigida Tu, kifi ya ƙare a kasuwa ne ko kai ne ka ƙare?" Watannin suka cika ba giɓi, ta sake aika wa kwamiti buƙatarsa.

Wata rana yana suyar kifi wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya miƙo min ludayi, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya koma gefe ya zauna.

"Auta," ya ce min, "sun yarda."

Na tsaya ina kallonsa, idona ya cika.

"Ki juya kifin nan, zai ƙone."

An yi tiyatar lafiya, amma watannin da suka biyo baya sun yi wuya. Ya yi amai, ya yi fushi, akwai ranar da ya kira Su-lan ya ce ta cuce shi. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi ko ya sha ruwa. A hankali mikin ya rufe, magungunan suka ragu, ya koma barci a kan gado. Da lokacin sharar kaburbura ya zagayo, muka tafi tudun da iyayenmu ke kwance. Shekara da shekaru shi ke dafa abincin da ake kai musu, amma a mota yake jiranmu a ƙasa. Wannan karon ya fito. Ya hau yana hutawa, ya isa, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa biyu, ya share ciyawa da hannunsa. Ya ce, "Inna, ni ne A-Hai. Kada ki ce ba ki gane ni ba."

Ba kowa ne labarinsa ya ƙare haka ba. Akwai waɗanda kwamiti bai amince musu ba, akwai wata dattijuwa da zuciyarta ba za ta ɗauki tiyata ba. Su-lan ba ta sallame su ba. Dattijuwar ta ci gaba da hawa katanga har ƙarfinta ya ƙare, kuma ranar jana'izarta an ga Su-lan a cikin dangi.

Yaya Su-lan, ke ce kika ga mutum a inda mu muke ganin ƙiba. Ke ce kika ce wa yayana a'a a ranar da e ta fi sauƙi, sannan kika bi shi har bayan rumfa don kada a'ar ta zama ƙarshen maganar. Sunan likitoci ne a jikin ƙofa, kuma sun cancanta. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka isa ƙofar, da ƙafarki suka isa.

Walimar sallamarta yayana ne ya dafa. Ya ɗanɗana kowace miya da kan cokali, ya zuba komai a ƙananan kwanoni, don yawancin baƙin ba sa cin abin da ya wuce haka. Aka zaunar da ita a babban tebur. Ana shirin fara jawabai aka duba, babu ita.

A wajen rumfa na same ta. Wata budurwa ce mai jiki sosai, sabuwar zuwa sashensu, ta zo har bakin rumfa, ta ga kujerun roba, ta ji tsoron kada ɗaya ta karye da ita a gaban jama'a, ta juya za ta tafi. Su-lan ta hango ta. Suna zaune su biyu a kan dakalin wani shago, tana tambayarta sunan unguwarsu.

"Yaya, ana jiranki fa," na ce.

"Su fara. Ai sun san abin da za su faɗa."

Na koma na gaya wa yayana. Ya zuba miyar kaza a kwano biyu, ya ɗauka da kansa, ya ratsa ta tsakiyar baƙi ya fita waje. Ya miƙa wa budurwar tata tukuna.

Mun gode, Yaya Su-lan, ni da A-Kiau da duk gidajen da kika mayar wa da mutuminsu. Ki huta lafiya. Ku kuma da ke karanta wannan, ba sai kun zama nas ba. A wurin aikinku, ko a gidan biki, ko a cikin danginku, akwai wanda ya zo har bakin ƙofa ya kasa shiga. Ku tashi daga kujerarku ku je ku zauna kusa da shi.