Gonar Habu da Ta Zama Filin Wasa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Malam Habu, malamin firamare a Basirka, kuma har yau ban gane abin da ya bar mini ba, ko amana ce ko rigima.

Lokacin da 'yan gudun hijira daga gabas suka sauka a ƙasar Gwaram, kowa ya kai abin da ya sawwaƙa, wani dawa, wani tabarma. Habu kuwa ƙwallo ya kai. Na ce masa, "Kai dai ba ka rabo da abin dariya, mai jin yunwa za ka ba tamaula?" Ya ce yaran ne ke damunsa, wuni suke a rakuɓe jikin bango kamar masu zaman makoki.

Ranar farko ya jera su, ya busa usur don tsere, sai suka watse cikin dawa, wasu na kuka. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Habu bai sake busa usur ba. Ya share gonarsa ta bayan gari, suka fara da langa da gaɗa, a hankali har suka koma gudu suna dariya. Lafiya uwar jiki, in ji shi, ko da yake shi zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi.

Matsalar ita ce bai taɓa gaya wa kowa ko kyauta ya ba da gonar ko aro ba. Malamai sun ce in babu shaida, gadon marayu ce. Matarsa Larai na da 'ya'ya biyar, rumbunta kuma ba ya kai su bazara. Bana ta ce mini, "Yaya, 'ya'yan Habu ma yara ne."

Nakan tambayi kaina, da yana nan wa zai zaɓa? Wani lokaci in ji shi yana cewa a nome, wani lokaci in ji akasin haka. Gaba kura, baya sayaki.

Da ruwan shuka ya sauka, na ɗauki mai garma muka je gonar. Ƙannen waɗancan yara na tsakiyar wasa. Na shirya wa gardama. Sai kawai suka kwashe duwatsun da suka yi raga da su, suka jera a gefe. Wata tsohuwa daga cikin iyayensu ta gaishe ni, ta ce, "Ba komai, Alhaji, Allah Ya jiƙan Malam. Ai mun saba da tashi."

Kunya ta rufe ni. Na sallami mai garma.

Abin da ya rage na Habu ke nan: yaran wasu masu ƙarfin ƙafa, nasa kuma na jiran hatsi. Allah Ya gafarta masa. Gobe zan je wurin Larai, kuma wallahi ban san da wane baki zan fara ba.