Burtalin da Yaya Sale ya bari

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale, kuma bana ne karo na farko da na gode wa Allah da ba ya raye. Allah ya yafe mini wannan magana, amma da ya ga abin da na gani a damunar nan, baƙin ciki ne zai kai shi ƙasa.

Ƙauyenmu ɗan mitsitsi ne a gefen Fammar. Yaya Sale ba dagaci ba ne, ba mai unguwa ba, manomi ne kamar kowa, sai dai ƙasar garin a kansa take. Ya san kufan da kakanninmu suka fara zama a gindin dutse kafin su sauko bakin fadama, ya san wanda ya haƙa kowace rijiya. Amma abin da ya fi ɗauka da zafi shi ne burtali, hanyar shanun da ta taso daga rugar amininsa Ardo Buba, ta ratsa gonakinmu, ta bi ta gaban maƙabarta, ta gangara mashaya a rafi.

Kowace shekara kafin ruwan shuka, shi da Ardo sukan taka burtalin nan tun daga farkonsa har ƙarshe, tare da duk wanda gonarsa ta yi iyaka da shi. Inda bini-da-zugun shinge ya mutu, a dasa wani. Inda wani ya saci kunya ɗaya ya haɗa da gonarsa, Yaya ya hau kanta ya tsaya ƙyam, ba zagi ba hayaniya, har sai mai gonar ya ɗauko fartanya ya baje ta da hannunsa. Mukan tsokane shi da Sarkin Burtali. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Wannan ba gonar kowa ba ce. Saniya za ta bi, amarya za ta bi, gawa ma za ta bi."

Tun da aka binne shi ba a sake wannan zagaye ba. Kuma wa ya fara cin burtalin? Habibu, babban ɗansa na cikinsa! Ya tumɓuke shingen, ya ja kunyoyinsa har tsakiyar hanya. Da maƙwabta suka ga ɗan Sarkin Burtali ya fara, sai kowa ya gyara garmarsa. Na same shi na ce, "Habibu, ubanka ne fa ya dasa shingen nan."

Ya ce, "Baffa, iyali sun yi yawa, ga ƙasa a zube ba ta amfanar kowa."

Na san iyali sun yi yawa, nawa ma sun yi. Amma rashin kunya ne mutum ya ce hanyar da shanu ke bi su sha ruwa ba ta amfanar kowa, alhali da takinsu gonar ubansa ta yi ƙarfi. Yanzu shanun Ardo sai dai su bi gefen kwalta, ko su kutsa cikin shuka. In sun kutsa, waɗanda suka cinye musu hanya su ne kan gaba wajen kai ƙara gidan dagaci, suna kumfar baki. Wasu daga 'ya'yan Ardo sun gaji sun kwashe dabbobinsu sun yi kudu. Yaran garin kuwa, ka tambaye su ina burtali, sai su yi ta kallonka.

A damunar nan matar Yaya, Iya Asabe, mahaifiyar Habibu, ta rasu, lokacin masara ta fi tsawon mutum. Aka yi mata salla, muka ɗauki makara muka nufi maƙabarta ta inda aka saba bi tun kaka da kakanni. Muna isa gonar Habibu hanya ta ƙare. Muka yi cirko-cirko da gawa a kafaɗa, ga hadari ya haɗo, zagayawa ta kwalta kuma tafiya ce mai nisa. Ardo Buba yana bayanmu yana dogara sanda, tsufa ya rusuna da shi. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam Sale ya faɗa, gawa ma za ta bi."

Habibu ya shiga gaba yana karya masararsa da hannu, yana tattakewa, yana kuka, yana buɗe wa uwarsa hanya. Gaskiya ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Na zaci wannan ya isa ya zama izina ga duk garin. Da na koma sadakar arba'in, sai na tarar ya shuka wake a daidai inda muka bi da ita.

To me ya rage na Yaya Sale? Shingensa ya tafi, 'ya'yansa sun gaji gonarsa amma ba su gaji halinsa ba. Maganarsa ce kawai ta rage, ita ma a bakin wani tsoho na ruga wanda kwanansa ya yi nisa. Na riga na gaya wa Habibu a gaban ƙannensa: kafin ruwan shuka mai zuwa zan kama hannun Ardo mu taka burtalin nan, zan hau kan kunyar shi Habibun in tsaya, kuma ba zan sauka ba sai ya ɗauko fartanya. Ni ma na tsufa, kuma ta nan za a bi da ni.