Ɗigon da Na'Allah Ya Gano

Tun rana ba ta yi zafi ba Malam Na'Allah makaniki yake buɗe akwatin ƙarafunansa a gindin ɗorawar bakin tashar Kazaure. Ba ya taɓa mota sai ya zagaye ta, ya sunkuya ya shinshina, ya sa an tayar da inji ya saurara. Shekara ashirin da ɗoriya yana haka. Yanzu ido ya gaza, hannu yana rawa, ran Lahadi zai koma gonarsa a Achilafiya. Har yau ban ga wanda ya taka ya je yi masa sallama ba. To, ni zan yi, a gaban kowa.

Shekara uku ke nan, da bazara. Alhaji Maikasuwa mai sayen gyaɗa yana da wata tsohuwar ƙaramar mota da ya saya a hannun wani Bature mai komawa gida. Naƙuda ta yi wa 'yarsa Aishatu tsanani a Gwiwa, direbansa Falalu ya ɗauko ta zuwa asibiti. Sun wuce Roni kaɗan lagireto ya tafasa, inji ya mutu, ga shi babu rijiya kusa. Kafin a kawo ruwa a tulu, Allah ya yi mata cikawa a kujerar baya.

Alhaji ya ce sakaci ne, Falalu bai zuba ruwa ba. Falalu ya rantse da hannunsa ya cika lagireto kafin su tashi. Aka leƙa ƙarƙashin motar, ƙasa a bushe, ko ɗigo babu. Shi ke nan gari ya yanke hukunci. Aka daina amsa sallamarsa a tasha, surukansa suka aiko a ba su 'yarsu, Alhaji ya ce alƙali ne zai raba su.

Kai kaɗai ka je, Na'Allah. Ka durƙusa ka ce, "Alhaji, Allah ya ƙara haƙuri. A ba ni motar nan kwana biyu."

"Me za ka gani? Ai bakinku ɗaya da direbobi."

"In ban ga komai ba, ni zan raka ka wurin alƙali."

Abokan sana'a suka ce a zuba garin kuka ko ɗanyen ƙwai, in ma da yoyo zai toshe. Na'Allah ya ce, "In kun toshe, da me za a wanke mutum?" Ya tafi marina ya roƙi ƙwarya guda ta ruwan baba.

"Malam, yanzu har mota ake rinawa?" in ji masu rini. "Baƙi kake so ko shuɗi?"

Na'Allah ya ɗauki ƙwaryarsa ya koma. Ya juye baban a lagireto, ya kwance farin rawaninsa ya yayyage, ya ɗaura ƙyalle a kowace mahaɗar tiyo. Yini guda inji yana kuka a tsaye, ƙyallayen fes. Da wani ne, da ya haƙura. Kashegari da rana tsaka ya sa Alhaji a kujerar gaba, ya hau da motar tudun Roni har ƙarfe ya ɗau zafi, sannan ya tsaya ya buɗe. Can bayan inji, inda ido ba ya kaiwa, ya zaro ƙyalle ɗaya da tabon shuɗi kamar kan yatsa. Tsaga ce a tiyo, siririya kamar gashi. Ba ta buɗewa sai mota ta yi zafi, ɗigon kuma a kan ƙarfe yake ƙonewa, ba ya isa ƙasa. Ko wa ya cika lagireton nan, da haka zai ƙafe.

Alhaji ya daɗe yana duban ƙyallen. Ya ce, "To wa ya kashe mini 'ya?"

"Alhaji, neman yoyo na iya. Wannan tambayar ta fi ƙarfina."

A nan Alhaji ya zauna a kan dutse ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Kai ne mai haƙurin da muka rasa, Na'Allah. Mu da muka ƙi amsa sallamar Falalu, har da ni, babu wanda ya ɓata ko tsumma don ya san gaskiya. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka idanun nan.

Ku kuma masu riƙe da sifana, da mu masu saurin baki, mu koyi dubawa kafin mu ɗora wa mutum alhakin rai. Aishatu ba ta dawo ba. Amma matar Falalu tana ɗakinta, shi kuma in ya yi sallama a tasha, ana amsawa.