Ranar da Mma Damata ta Mayar da Tukunya

A danginmu idan aka ce Mma Damata, abu biyu ake tunawa: keken ɗinki da taurin kai. A Zangon Takoradi aka haife ta. Ta yi aure, ta yi takaba, ta aurar da 'ya'ya, sannan da furfurarta ta taso Dubai, ta kama aiki a wani shagon tela a Al Satwa. Ba a jima ba matan Zango masu aiki a otal-otal da gidajen Larabawa suka naɗa ta Magajiya. Magajiya ba ta da rawani, tukunya gare ta: ƙatuwar tukunyar ƙungiyar 'yan Zango da ake dafa shinkafa da wake ranar suna ko rasuwa. Wadda tukunya ke ɗakinta, ita ce uwa. A ɗakin da take kwana da wasu mata, tukunyar ta cinye duk filin da ke tsakanin gado da ƙofa, sai an yi kaikaice ake wucewa.

Mahaifinta Abdulganiyyu mai busa ƙaho ne a wata ƙungiyar kiɗan hailaif, zamanin da jiragen ruwa ke cika Takoradi da baƙi. Dangi ba su taɓa yafe masa ba. Ya mutu, jikoki suka yi ta zuwa, ba wanda aka sa wa sunansa. Shi ne ya koya wa Damata takun rawa a tsakar gida tana ƙarama, ƙafafunta a kan nasa.

Wani hunturu wata 'yar Filifin ta kawo hoton siket mai faɗi a ɗinka mata. Ta ce za a yi bikin kiɗan dā a wani gari na bakin teku bayan an wuce Sharjah, irin rawar da ake yi bibbiyu ana wulwula juna, kowa da tufafin zamanin kakanni. Ta kunna mata kiɗan a waya. Damata ta ji ƙahonni sun tashi, ƙafarta ta tsaya a kan keke. Kafin mako ya ƙare ta ɗinka wa kanta nata siket, har idon sawu.

Magana ta kai kunnen Alhaji Mukaila, shugaban ƙungiya, wanda ke tuƙa motar ɗaga kaya a Jebel Ali. Ya zo har shago.

"Mma, an ce za ki gidan rawa."

"Ba gida ba ne, fili ne. Da rana tsaka."

"Kin je Makka fa. Kowa da waya a hannu, kafin ki sauke ƙafa an gani a Takoradi. Ki kama hannun ƙaton da ba ki sani ba?"

"Wa ya ce maka hannu zan kama?"

"In kika je, khalas, tukunya za ta bar ɗakinki."

Ta ciji zare, ta dube shi ta saman tabarau. "Mukaila, ranar bikin uwarka ni na riƙe mata takalmi tana rawa. Matsa, kana tare mini haske."

Ta so tukunyar, wannan ba ƙarya. A garin da ba wanda ya san sunan ubanka, ita ce ta sa ake durƙusa mata. Amma ranar Asabar ta shiga bas.

Ta yi la'asar a wani ƙaramin masallaci kusa da ruwa, sannan ta bi sautin. An shimfiɗa katako a kan yashi, makaɗa sun jeru da fararen kwat, tsofaffi da yara na ta juyi. Ta tsaya a gefe da mayafinta, tana kallon mai ƙaho yadda kumatunsa ke cika. Wani dattijo ɗan Indiya mai farin gashi ya lura da kafaɗarta na motsi, ya matso, ya sunkuya, ya miƙo hannu.

Tun da ta dawo daga Makka ba ta ba namiji hannu ba, kuma ba ta zo nan don ta fara ba. Ta zaro farin adiko daga jaka, ta riƙe gefe ɗaya, ta miƙa masa ɗayan. Haka matan Zango na dā suke yi idan kiɗa ya ja su fili: adiko ne ke tsakani, shi ake ja, shi ake saki. Dattijon ya dubi ƙyallen, ya yi dariya, ya kama.

Da farko ya ja da ƙarfi, adikon ya kuɓuce. Ta ce masa da ɗan Larabcinta, "Shwaiya, shwaiya, baba," wato a hankali. Karo na biyu ya gane. Ta tafi, ta dawo, ta bi ta ƙarƙashin adikon, siket ya buɗe. Gwiwa ta yi mata tsiya, ta ƙi kulawa. Da ta ga wayoyi sun tashi sai ta juyo ta fuskance su sosai, ta ce da Hausa, dalla-dalla don kowa ya ji:

"Damata ce, 'yar Abdulganiyyu mai ƙaho."

Ta sauka kafin a kira magariba.

Bidiyon ya riga ta isa Satwa. Ba ta jira a aiko ba. Washegari ta wanke tukunya da soso har tana ganin fuskarta a ciki, ta sa ta a tasi, ta kai ƙofar su Alhaji Mukaila.

"Ga ta. Wadda za ku ba, ku ce ta riƙa juyawa daga gindi, tana kamu ta gefen da ya lotsa."

"Mma, da kin ba da haƙuri a gaban mutane, da..."

"Haƙurin me? Ban taɓa kowa ba, ban rasa salla ba."

An ba wata mata tukunyar. Waɗansu suka rage gaisuwa, waɗansu suka koma gaishe ta a ɓoye. Ranar suna na gaba ta ci abincinta a layin baƙi, ta ce gishiri ya yi kaɗan.

A ɗaki kuwa, inda tukunya ta tashi ya bar zagayen tabo a kan leda, fili daidai takun mutum ɗaya. Kowace Juma'a bayan la'asar takan jingina waya a kan gado, ta kunna kiɗan, ta ɗaura gefen adikon a mariƙin ƙofa, ta kama ɗayan.