Firizar da Surukina Ya Kawo

Shekarar da kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, har mazan gari suka bar sana'o'insu suka koma jera buhunan yashi a kan jinga, a shekarar ne firiza ta shigo gidana. Ruwan ya ci shinkafar da na shuka a fadama, ya ci ta 'yan'uwana na wajen Baturiya, ko dami ɗaya ba mu ɗaura ba. Allah ne ya bayar, shi ya karɓi abinsa.

Bayan ruwa ya janye, wata safiya ina zaure ina duba wani rubutu, sai a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Mijin 'yata ta fari ne, wanda yake da shagon kayan lantarki a kasuwa. Ya sa aka sauke firiza sabuwa fil a kwalinta, aka shige da ita ciki. Bai ce ya ga halin da muke ciki ba. Cewa ya yi ta tsare masa wuri a shago, ko Inna za ta taimaka ta riƙa yin ƙanƙara da zoɓo da ita. Inna ita ce mai ɗakina.

Ya kamata in faɗi yadda muke da shi. Tun da aka ɗaura aurensa da 'yata ban taɓa kiran sunansa ba, shi kuma bai taɓa cin abinci ko shan ruwa a gabana ba. In ya zo gaisuwa, tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin zaure, idonsa a ƙasa, ni kuma in kau da kai gefe in amsa. Mai ɗakina daga bayan ƙyaure take amsa tasa gaisuwar. Ita kanta 'yar, da yake ta fari ce, uwarta ba ta ambaton sunanta, sai dai ta ce yarinyar nan. Haka muka taso muka tarar, kuma ban taɓa ganin aibin haka ba.

A durƙushen nan ya yi mini bayanin garanti. Ya ce kamfanin da ke Kano ya ɗauki alkawarin shekara ɗaya: in wani abu ya lalace a cikinta don kansa, za su gyara ko su canja, ba a biyan komai, sai dai a biyo ta shagonsa. Sharaɗin kawai kada a bar kowa ya buɗe bayanta. Akwai wata 'yar takarda mai ƙyalli da suka manna a kan murfin injin, in ta yage, alkawari ya tashi. Na ji duka, babu abin da ya shige mini duhu. Katin da ya miƙo da turanci aka rubuta shi, saboda haka na juya bayansa na rubuta watan da garantin zai ƙare da ajami, na sa a gafaka.

A kwanakin nan har zancen ya kai majalisarmu ta ƙofar masallaci bayan la'asar. Wani tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ya ce garanti takarda ce kawai. Ya sayi esi, na'urar sanyaya ɗaki, da garantinta, ta ƙone, ya ɗauke ta har Kano, aka ce masa wuta ce ta zo da ƙarfi, wannan kuma ba ya cikin alkawari, ya dawo da asarar kuɗin mota. Wani mai sayar da bandar kifi ya ce shi kam an canja masa firiji sabo, ko musu ba a yi ba. Aka juyo gare ni, aka ce Malam, a shari'a fa? Na gyara zama na ce ai mayar da kaya saboda aibi tsohon babi ne a fiƙihu, mai sayarwa ya yi alkawari, mai saye ya kiyaye sharaɗi, shi ke nan. Na yi bayani mai tsawo ranar, har ana gyaɗa kai.

Firiza ta yi aiki duk lokacin sanyi. Mai ɗakina ta samu masu saye, ta daina tambayata kuɗin cefane, kuma duk bayan 'yan kwanaki takan cika wata 'yar kula da zoɓo da ƙanƙara ta aika gidan yarinyar nan. Wannan ce godiyarta, tun da ba za ta iya faɗa da baki ba.

Sai da zafi ya kankama, azumi ya matso, lokacin da kowa a Haɗeja yake neman ƙanƙara ido rufe, sannan firiza ta tsaya. In an kawo wuta sai ta yi ta gurnani, amma ruwan da aka sa da safe haka za a same shi da yamma.

Mai ɗakina ta same ni a zaure, ta ce, "Malam, sai ka gaya masa."

Na ce, "Ke ki gaya wa 'yarki mana, ta gaya wa mijinta."

Ta ce, "In dubi yarinyar nan in ce mata kyautar mijinta ta mutu? Kai da kake namiji ka kasa, ni ce zan iya?"

Muka yi ta juya maganar. Ta kowace fuska muka ɗauko ta sai mu ga ba ta fita. In na ce ta lalace, kamar na ce ya kawo wa surukansa kaya mai aibi. Ko kuma ya ɗauka wata muke roƙo. Mutum ya yi maka alheri cikin sutura, bai bar ka ka ji nauyi ba, kai kuma ka taka har wurinsa da ƙorafi. Na ce mata ta bari, ƙila abin kaɗan ne, a gyara a ɓoye ba wanda ya ji.

Na kira wani mai gyaran firiji da janareta daga bakin tasha. Ya ja firizar daga bango, ya leƙa, ya ɗora sukundireba a kan 'yar takardar nan mai ƙyalli, sai ya dakata ya dube ni.

Ya ce, "Baba Malam, wannan fa da garantinta. In ɓalle?"

Na ce, "Ɓalle."

Ya ce gas ne ya tsiyaye, ya ɗura wani. Ta yi sanyi 'yan kwanaki, har muka yi hamdala. Ranar wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da gida yana ƙaurin ƙonewar waya. Mai gyara ya sake zuwa, ya ce yanzu kam kwamfuresa, wato injin da ke kawo sanyin, ta tafi, ya faɗi abin da sabuwa za ta ci. Manomin da ruwa ya cinye wa gona ba shi da wannan.

Haka azumi ya kama. Masu saye suna sallama ana ba su haƙuri, har suka gane suka koma wani gida. Mai ɗakina ta rufe firizar da tsohon zani, ta jera kwanuka a kai. Amma zoɓon gidan yarinyar nan bai tsaya ba, domin in ya tsaya za a tambayi dalili. Sai ta riƙa sayen ƙanƙara ta kan katanga a wurin maƙwabciyarmu, a lokacin da ƙanƙara ta fi tsada, ta fasa ta zuba a kula ta aika.

Ana tsakiyar azumi surukina ya zo gaisuwa da sukari da dabino. Bayan an gama gaisawa, ya ce wa ƙasa, kamar yadda ya saba, zoɓon Inna yana isowa da sanyinsa, Allah ya saka da alheri. Ya ɗan yi shiru, kamar mai jiran wani abu. Na ce alhamdu lillahi. Da azumi a bakina na faɗa. Kalmar gaskiya ce, amma na san abin da na rufe da ita, kuma Allah ya sani.

Salla ta wuce, damina ta sauka, muka sake shuka fadama muna addu'ar kada kogi ya maimaita. Duk lokacin da na buɗe gafaka sai na ga katin nan da rubutun hannuna, watan yana ta matsowa. Na san takarda ta yage, amma wani lokaci nakan ce wa kaina ƙila in shi ya yi musu magana su duba. Sai in ce gobe. A majalisa kuwa, in zancen garanti ya sake tasowa, sai in tashi in ce zan sake alwala.

Abin da ya kawo ƙarshen ɓoyon, kifi ne. Wata rana 'yar tamu ta zo da ɗanyen kifi da aka kawo musu daga Baturiya, ta ce unguwarsu an daɗe babu wuta, a ajiye mata a firiza. Uwarta ta karɓa ta ce to. Yarinya tana fita, aka miƙa kifi ta kan katanga. Maƙwabciya ta karɓa tana dariya, ta ce ita dai a riƙa ba ta ladan ajiya, tun da firizarta ta zama ta gida biyu. Wasa ta yi, amma mai ɗakina ta shigo zaure idonta ya yi ja.

Ta ce, "Malam, ni na gaji. Kai ka san hukuncin abin da muke yi, ni ban yi karatu ba. Amma yau na karɓi kifi a hannun 'yata na ce mata to."

Washegari da hantsi na sa babbar riga na nufi kasuwa wurin mijin 'yata. Ban taɓa taka shagonsa ba, suruki ba ya zuwa inda mijin 'yarsa yake neman abinci. Da ya hango ni ya miƙe a firgice, ya ɗauka rasuwa aka yi. Ya sallami wanda suke ciniki, ya goge kujera da hannun rigarsa, ya durƙusa a ƙasa tsakanin kwalaye. Na zauna ina kallon fankokin da aka rataye a bango.

Na gaya masa firiza ta tsaya tun kafin azumi. Na gaya masa ƙanƙarar da ta riƙa zuwa gidansa ta maƙwabta ce.

Sai ya ce shi ma yana da abin faɗa. Firizojin da suka zo tare da tamu, kusan duk da ciwon kwamfuresa suka zo. Tun kafin azumi masu su suka riƙa dawo da su, kamfani ya karɓa ya ba da sababbi. Ya so ya tambaye ni, har ranar da ya kawo dabino da wannan niyyar ya zo, amma ya ga in ya ce yaya firiza, kamar yana tuna mini kyautarsa ne. Ya sa matarsa ta duba, ta je ta ga zani a kai, ta ce ba za ta iya ɗaga zanin uwarta ba. Kifin ma shi ya ce ta kai, ko ya gano gaskiya. Da zoɓo ya ci gaba da zuwa da sanyi, sai ya lallashi kansa cewa tamu ce ta tsira.

Can ya ce, "Baba, watan garantin bai cika ba tukuna. Yau ɗin nan sai in kira Kano. Ba a dai buɗe bayanta ba ko?"

Da ya ce ko, sai na ji ƙofa ta buɗe mini. Zan iya cewa mai gyara ne ya yi gaban kansa. Na dubi fanka, na dubi ƙafata.

Na ce, "An buɗe. Ya tambaye ni, ni na ce ya buɗe. Kuma na ji sharaɗin da ka faɗa mini, ban manta ba."

Duk da haka ya kira su a gabana. Suka ce in takarda ta yage babu abin da za su iya. Ban ga laifinsu ba. Su sun riƙe nasu alkawarin ga duk wanda ya riƙe nasa, ɗazu na ji shaida. Shi ya sa yanzu in an tambaye ni ko garanti yana da amfani, nakan ce a karanta sharaɗinsa, domin ba ya ɗaukar wutar da ta zo da ƙarfi, ba ya ɗaukar ruwa, kuma Kano da nisa. Amma namu mai kyau ne. Sabuwar firiza tana can tana jiranmu duk azumin nan, magana ɗaya ta rage, mu huɗu muka kasa yin ta.

Ya ajiye waya ya ce zai ɗauko wata daga cikin shago a kai gida. Na ce a'a. Ya ce to zai sa kwamfuresa sabuwa daga aljihunsa. Na ce ni na ƙona ta, ni zan saya in an yanke shinkafa, shi dai ya ba da mai gyaran da ya yarda da shi. Muka yi ta ja a hankali, murya ƙasa-ƙasa, kowa yana kallon wani wuri dabam. Daga ƙarshe ya gane cewa in ya hana ni, ya bar ni da kayan a ka, sai ya ce yadda Baba ya ce.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi nauyi. Na ce masa na lalata masa kyauta, kuma na bar shi a kan abin da ba haka yake ba, har na sa sunan Allah a kai. Wannan haƙƙinsa ne, ba kuma na so in tafi da shi.

Ya ce, "Subhanallahi, Baba, ai ni ya kamata in..."

Na ce, "Bari in gama. Naka yana zuwa. Ka yafe mini?"

Ya sunkuyar da kai har hularsa ta kusa taɓa kwali. Yana kallon ƙasa ya yi maganar, ni kuma ina kallon bango na ji shi.

Ya ce, "Na yafe, Baba, duniya da lahira."